Wata bakwai da allo a hannu

Ranar da Majo, shugaban asibitinmu, ya kira ni ofishinsa ya ce an sa asibitinmu cikin waɗanda za a yi bincike, abin da na fara tambaya shi ne ko akwai perdiyam, kuɗin da ake ba mahalarta horo. Ba zan ɓoye ba. Shekarata tara ina duba yara a wata CSI, wato ƙaramin asibitin gwamnati, da ke gefen garin Damagaram, na ga proje iri-iri sun zo sun wuce, kowanne da rigarsa da hularsa, kuma abin da yakan rage mana bayan tafiyarsu shi ne kwali a bango da ƙarin layi a rajista. Majo ya yi dariya ya ce akwai, na kwana biyar, amma wannan karon ba takarda za a ƙaro mana ba, tabilet ce, na'urar nan mai kama da babbar wayar hannu. Daga baya iyaye mata suka sa mata suna allo, mu ma muka bi su.

Horon a wani zaure aka yi shi cikin gari, mu wajen ashirin daga asibitoci daban-daban, wasu daga ɓangaren Mirya, wasu daga Matamai. Likitan da ke jagorantar binciken ya fara da nuna mana takardar izini daga kwamitin ƙasa mai kula da ɗa'ar binciken lafiya da ke Yamai, ya kuma tuna mana cewa tun 2017 Nijar na da dokar kare bayanan mutane, saboda haka sunan yaro ba zai bar asibiti ba, lamba ce kawai za ta tafi. Ya ce a Burkina Faso ƙungiyar Terre des hommes ta daɗe da sa irin wannan allo a hannun ma'aikatan ƙananan asibitoci. Tambayar da masu wannan binciken suke son amsawa ita ce: idan allo ne ke jan ma'aikaci mataki-mataki, shin yara sun fi samun duba cikakke da maganin da ya dace? Don a gane, an yi ƙuri'a. Rabin asibitocin za su yi aiki da allo, rabi su ci gaba da takarda, a ƙarshe a gwada. Ƙuri'a ta faɗa mana.

Abin da ke cikin allon ba baƙo ba ne a wurinmu. PCIME ce, tsarin duba yaro ɗan ƙasa da shekara biyar da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fito da shi tun shekarun 1990, wanda muka haddace a makaranta, muka kuma rataye littafinsa a ƙusa har ƙura ta rufe shi. Ana farawa da alamun haɗari: yaro ya kasa sha ko kama nono, ko yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, ko ya yi jijjiga, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai. Sai tari da numfashi, zawo, zafin jiki, kunne, tamowa da ƙarancin jini, sannan rigakafi. A ƙarshe yaro ya faɗa launi ɗaya cikin uku: ja a tura shi babban asibiti, rawaya a ba shi magani a nan, kore ya koma gida da shawara. Duk mun san wannan. Sai dai littafi ba ya hana mutum tsallake shafi. Allo kuwa, muddin ba ki cika gurbi ba, ba ya buɗe miki na gaba.

Aikin farko da ya ba mu wahala neman yarda ne. Kafin a sa yaro cikin bincike sai an karanta wa uwarsa takarda shafi biyu da Hausa, an gaya mata tana iya cewa a'a kuma za a duba ɗanta kamar kowa, sannan ta sa hannu, ko ta dangwala yatsa a gaban shaida. A zauren horo abin ya yi daɗin ji. A ɗakin duba yara kuwa, mace ta taho tun asuba da yaro yana zafi kamar garwashi, ke kuma kin tsaya kina karanta mata haƙƙoƙinta. Wata ta katse ni a tsakiya ta ce, "Malama, ki duba mini shi tukuna, in ya so ki karanta har la'asar." Gaskiyarta. Tun daga ranar na riƙa leƙa yaro da ido da hannu kafin in ɗauko takarda, in na ga alamar haɗari babu maganar yarda sai bayan an ba shi taimako. Wasu sukan ce sai sun tambayi maigida, kuma ba ma ja da su. Wata tsohuwa da ta kawo jikanta ta naɗe hannunta cikin mayafi ta ce ita tun da ta dangwala yatsa aka ce za a kawo taki ba ta ga ko mudu ba, ba za ta ƙara ba. Na ce, "Inna, ba komai, kawo shi." Aka duba shi da takarda.

Sai ƙirgen numfashi, wanda a nan ne allo ya fara tona mini asiri tsakanina da kaina. Ƙa'ida ta ce duk yaro mai tari ko wahalar numfashi a ɗaga rigarsa, a jira ya natsu, a ƙirga numfashinsa minti ɗaya cif. Daga wata 2 zuwa 11, numfashi 50 ko fiye ya yi sauri. Daga wata 12 zuwa shekara biyar, 40 ne iyaka. A allon akwai wani da'ira da ake taɓawa duk lokacin da cikin yaro ya ɗago, agogo na tafiya, ba ya tsayawa sai daƙiƙa sittin sun cika. Rabon da in ƙirga minti ɗaya cikakke na manta. Na saba in ƙirga na daƙiƙa goma sha biyar in ninka huɗu, in layi ya yi tsawo ma in dubi ƙirjin kawai in ce wannan da sauri, wannan ba komai. Ban san minti ɗaya na da tsawo haka ba sai da na zauna ina taɓa gilashi, mata hamsin na jirana a rumfa, wani yaro na tsala ihu a bakin ƙofa. In wanda nake ƙirgawa ya fashe da kuka a daƙiƙa ta arba'in, sai a sake daga farko. Dabarar da ta fi yi mini aiki ita ce in ce uwar ta ba shi nono, in koma gefe inda ba ya ganin farar rigata.

A watan Satumba aka kawo wani yaro da har yanzu nake tunawa. Tari kwana uku, jiki da zafi, numfashi 46. Allo ya tambayi ranar haihuwa. Uwar ta ce karnen asibitin yaron ya jiƙe da ruwan sama ya lalace, amma yaro ya cika shekara.

Na ce, "Maman yaro, yaushe kika haife shi?"

Ta ce, "Daren Mauludi, ana cin tumu. Ga shi Mauludi ya zagayo shekaranjiya."

Ba ta yi ƙarya ba. A lissafinta wata goma sha biyu sun fito sun ɓace. Amma shekarar wata kwana 354 ce, ta allo kuwa 365, wato a wurin na'ura da sauran kwana tara ko goma kafin yaron ya cika wata 12. Na sa wata 11, allo ya ba ni kore a ɓangaren numfashi: tari ne ko mura, babu amoksisilin. Na koma baya na sa wata 12, sai ya juye rawaya: ciwon haƙarƙari, a ba da amoksisilin. Yaro ɗaya, ƙirji ɗaya, yana kwance a cinyar uwarsa yana kallona. Gwajin masassarar cizon sauro ya fito da layi biyu, wato yana da ita, kuma zafin jiki shi kansa yana ƙara saurin numfashi. Na sake ƙirgawa bayan an shafa masa ruwa, na samu 47. Na bar shi a wata 12, na ba shi maganin masassara da amoksisilin, na ce ta dawo da shi bayan kwana uku. Ranar ta huɗu ta biyo da shi a hanyarta ta zuwa kasuwar Dole, ya warware yana jan ɗankunnenta. Warwarewar tasa ba ta gaya mini wanne lissafi ne daidai ba. Abin da na riƙe shi ne, a takarda da ba wanda zai san na tsaya a wannan mararraba, zan rubuta "shekara 1" in wuce. Allo kuwa ya ajiye cewa na shigar da shekarun sau biyu.

An haɗa mana allon da ƴar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar da ke cikin jini. In ta nuna ƙasa da 90, yaro na babban asibiti ne ko da idonsa biyu yana wasa. Ta taimaka, don akwai yaran da ido bai nuna mini sun kai haka ba. Amma da hannu mai sanyi ko yaro mai wutsil-wutsil sai ta riƙa tsalle daga wannan lamba zuwa waccan, sai an koma babban yatsan ƙafa an lulluɓe da zane an jira. Likitan binciken da kansa ya ja mana kunne: a 2020 masu bincike a Jami'ar Mishigan ta Amurka sun nuna cewa irin wannan na'ura ta fi ɓoye ƙarancin iska a jikin baƙaƙen fata, tana nuna lamba mai kyau alhali jinin ya gaza. Ya ce in na'ura ta ce 93 amma ƙasan ƙirjin yaro na lotsawa yana nishi, mu yarda da idonmu. Na ji daɗin wannan magana, don ita ce ta farko da wani ya ce idonmu ma ma'auni ne.

Wajen lissafin magani ba ni da ƙorafi. Ki sa nauyi, ya ba ki adadi. Ni na san yaro mai kilo 5 zuwa ƙasa da 15 ƙwaya ɗaya yake sha ta maganin masassara, safe da yamma, kwana uku, amma ƴan sa-kai da ke taya mu, waɗanda ba su daɗe da gama makaranta ba, allo ya raba su da kame-kame. Haka awon damtse: ki sa abin da zaren ya nuna, ƙasa da milimita 115 ya ba ki ja, ya tuna miki ki danna ƙafafu ki ga ko akwai kumburi. Abin da allo bai sani ba shi ne abin da ke kan kantar farmasinmu. Tun 2006 doka ta ce duba yaro ɗan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, amma akwai makon da allo zai ce amoksisilin mai narkewa a ruwa, in leƙa in tarar babu, in rubuta ordonansi, uwa ta kwance bakin zane ta ƙirga abin da ke ciki ta dube ni. A allo dai an rubuta an ba da magani daidai.

Tura bayanai kullum da yamma ne. Cikin ɗaki rezo ba ya kamawa, sai in hau wani falalen dutse da ke bayan asibitin, irin duwatsun nan namu na Damagaram, in ɗaga allo sama kamar mai roƙon ruwa. Baba mai gadi har ya gane, da ya ga na nufi dutsen sai ya ce, "Ƴata, a gaida mutanen Yamai." In an ɗauke wuta, cajin allo da firjin rigakafi su riƙa takara a kan sola ɗaya, kuma firji ne ke ci. Sannan allon bai ɗauke mana ko layi ɗaya na rubutu ba. Rajista na nan, karnen yaro na nan, rahoton ƙarshen wata da ake shigarwa a DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ta ƙera wadda ma'aikatar lafiya ke tara alƙaluma da ita, shi ma yana nan. Allonmu da DHIS2 ba sa jin yaren juna. Yaro ɗaya sai in rubuta shi sau uku, ƙarshen wata kuma in zauna da Majo mu ƙirga da ƴan sanduna a gefen takarda kamar yadda muka saba.

Daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba masassara ta buɗe. Ana raba maganin rigakafinta gida-gida ga yara ƴan wata 3 zuwa 59 kowane wata na damina, yana kuma rage ta, amma duk da haka akwai ranar da nakan duba yara saba'in. Da allo, yaro ɗaya kan ci mini minti goma zuwa sha biyu. Kowa ya yi lissafi da kansa. Wata Litinin da hantsi, wata yarinya ta fara jijjiga a kan layi, tana bayan uwarta, ni ina ciki ina tambayar wani yaro mai ƙurji ko kunnensa na ciwo don allo ya ƙi wucewa. Bayan mun sa mata magani ta dubura mun tura ta babban asibitin Zinder, na dawo na kife allon cikin aljihun tebur. Na duba sauran da hannu da ido da rajista. Bayan magariba na zauna da fitila na kwashe su daga rajista na zuba a allo. Inda ban ƙirga numfashi ba na taɓa da'irar da ƙiyasi. Inda ban tambayi kunne ba na sa "a'a". Na yi haka ranar, na yi washegari, na yi duk ranar da layi ya fi ƙarfina, har kusan mako uku. Ban ɗauke shi ƙarya ba a lokacin. Cike gurbi na ɗauke shi, irin wanda duk ma'aikacin lafiya ya sani.

Ranar da likitan binciken ya zo da yaron da ke kula da bayanai, suka ce suna son ganina ni kaɗai, gabana ya faɗi. Yaron ya buɗe kwamfuta ya juyo mini da ita. Zane ne mai ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo yaro ɗaya, an jera su bisa agogo. Da safe ɗigo jefi-jefi. Tsakanin ƙarfe bakwai da tara na dare kuwa sun taru cunkus kamar tururuwa, kowanne bai kai minti biyu ba. Ashe allo na rubuta lokacin da aka buɗe kowane shafi da lokacin da aka rufe shi. An faɗa mana a horo, ina jin lokacin hankalina na kan perdiyam.

Likitan ya ce, "Malama, yara talatin da takwas da dare? Ko kun buɗe gadin dare ne ba mu sani ba?"

Kunya ta rufe ni, sai kuma ta juye haushi. Na ce, "Dokta, ka zo ranar Litinin ka zauna a kujerar nan. In ka iya yara saba'in da allonka kafin la'asar, ni zan ba ka albashina na wata." Na ba shi labarin yarinyar da ta yi jijjiga a kan layi. Na ce allonsa ya iya tambaya amma bai iya leƙa rumfa ba.

Ya yi shiru, ya ciro biro. Ya ce ba faɗa ya kawo shi ba, kuma sunana ba zai je wurin kowane shugaba ba, lamba ce ni ma a cikin binciken kamar yaran. Amma bayanan dare ba za su shiga lissafi ba, don in suka shiga za a ce allo ya sa an ƙirga numfashin kowane yaro, ma'aikata a wasu wurare su ɗauki wannan su gina a kai. Ya ce gara gurbi babu komai da gurbin da aka cika da ƙiyasi, domin wanda babu komai kowa na ganinsa. Kuma ba ni kaɗai ba ce, zanen wasu asibitocin ma haka yake. A nan na gane ba yara kaɗai ake aunawa ba, har da mu, da tsawon layinmu, da lokacin da muke gajiya.

Ya zo ranar Litinin ɗin kuwa. Bai karɓi albashina ba, bai kuma gama layin ba. Abin da ya biyo baya canji biyu ne. Aka ƙara maɓalli da za ki danna ki ce yau ba a yi amfani da allo ga wannan yaro ba, ki zaɓi dalili: cunkoso, caji, ko gaggawa. Aka kuma sa ɗaya daga cikin ƴan sa-kai ta riƙa zagaya rumfa da safe tana tambayar alamun haɗari huɗun nan, duk wanda ta samu ta shigo da shi gaba da kowa. Na biyun mun fara shi washegari. Na farkon sai da aka rubuta wa kwamitin Yamai aka jira amsa, ya iso ana shirin shiga sanyi, masassara ta riga ta ja baya.

A wata na shida wata mata ta zo da ƴar na'urar ɗaukar murya ta yi hira da kowannenmu, ta kuma yi da iyaye mata a ƙarƙashin dogon-yaro. Ta tambaye ni me allo ya canza tsakanina da masu jinya. Na ce ya sa ina tambayar abin da na daina tambaya, ya kuma sa ina kallon gilashi lokacin da ya kamata in kalli fuska. Wata uwa ta taɓa ce mini, "Malama, shi ne ba shi da lafiya, ba wayarki ba." Wasu kuwa akasin haka, gani suke in an sa yaro a allo an yi masa babban aiki, har daga wasu unguwanni ake tsallako mana.

Ƙarshen wata na bakwai aka zo da takardar ƙidayar kaya. Allo biyu, caja biyu, na'urar yatsa ɗaya. Nawa ya tsage a kusurwa tun ranar da wani yaro ya harbe shi da ƙafa, aka rubuta haka na sa hannu. Na'urar yatsa aka bar mana. Aka ce in an gama nazari za a kira mu taro a gaya mana abin da aka samu.

Litinin ta gaba wata da ta saba zuwa ta shigo da ƴarta mai tari. Na gaishe ta, na ɗauko rajista. Ta dubi tebur, ta dubi hannuna.

"Malama, ina allon? Yau ba za a sa ta a ciki ba?"

Na ce an mayar da shi. Ta ɗan ɓata fuska kamar wadda aka rage wa awo. Na ce ta ɗaga rigar yarinyar ta ba ta nono. Na ciro wayata na buɗe agogo, na ja kujera gefe. A waje wata na ta ƙwanƙwasa ƙofa tana cewa tun safe take nan. Yarinyar shekararta biyu saura, na samu 38.